Yadda Ake Shirya Taron Zaman Lafiya da Ƙin Makaman Nukiliya a Unguwannin Hausawan Legas

Wanda yake son shirya irin wannan taro a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ya fara da zaɓen rana. Masu wannan fafutuka a faɗin duniya sun saba da ranar 21 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa zaman lafiya, da 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi, jagoran Indiya da ya yi fafutuka ba tare da tashin hankali ba, da kuma 6 ga Agusta, ranar da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima a 1945. A ganina ta ƙarshen ta fi dacewa da mu, domin a ranar 6 ga Agustan 2020 ne Najeriya ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya, wadda ƙasashe 122 suka kaɗa wa ƙuri'ar amincewa a 2017. Idan ranar ta faɗo a tsakiyar mako, a ɗage taron zuwa Lahadi bayan La'asar, lokacin da cunkoson motoci ya lafa kuma 'yan kasuwa suka samu sarari.

Kafin a buga takardar gayyata ko ɗaya, sai a je gaisuwa fadar Sarkin Hausawan unguwar, a kuma sanar da limamin Juma'a da shugabannin kasuwa. A je da dattijo wanda ake jin maganarsa, domin taron da matasa suka kira su kaɗai yakan jawo zargin siyasa, ko da kuwa babu ita a ciki. Daga nan a nemi iznin Sarki a kai gayyata ga Bale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugabannin maƙwabta Yarbawa da Ibo, har da fastocinsu. Unguwannin da suka ga rikicin Idi-Araba na 2002 da na Mile 12 na 2016 sun san cewa taron zaman lafiyar da ƙabila ɗaya ta yi ita kaɗai bai cika sunansa ba. Ofishin 'yan sanda na yankin kuma a rubuta masa wasiƙa tun da wuri.

Abin da ya fi wuya shi ne abin da za a faɗa, domin tabbas wani zai tashi ya tambaya: ina ruwan mai sayar da albasa da bam ɗin da ƙasarsa ba ta mallaka ba? Amsar tana cikin tarihinmu, kuma da ita ya kamata mai jawabi ya buɗe. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wato a sahara guda da iskar hunturu take kwaso mana ƙura daga cikinta duk shekara. Da ta yi gwaji na uku, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairun 1961, ta kuma sallami jakadanta daga nan Legas, wadda ita ce babban birnin ƙasa a lokacin. Bayan wannan sai a kawo yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 domin hana waɗannan makamai a nahiyar Afirka, da kuma misalin Afirka ta Kudu, wadda ta ƙera su sannan ta wargaza su da hannunta. Sai a ƙarshe a zo kan ƙasashe 9 da ke riƙe da su a yau.

Jawabin kada ya wuce minti ashirin, kuma a samu tafinta mai juya shi zuwa Yarbanci. Sauran lokacin a bar wa jama'a, musamman iyaye mata da 'yan acaba, su faɗi abin da ke haddasa husuma a layinsu, ko rikicin wurin ajiye kaya ne ko jita-jitar da ake yaɗawa ta WhatsApp.

A tanadi rumfa ko ɗakin taro na makarantar Islamiyya, saboda ruwan Legas ba ya shawara da kowa. A naɗa matasa masu sanyin rai su kula da ƙofa, ba tare da sanda ko gora ba, a kuma hana ɗaga tutar kowace jam'iyya. A rufe taro kafin kiran Magariba, bayan an rubuta sunayen mutum biyar ko shida daga ɓangarorin unguwar da suka yarda a riƙa kiransu cikin dare idan wata rigima ta taso.