Yadda ake koyar da falsafar addini ga 'yan sakandare a Legas

Ajin sakandare a Legas ba irin na Kano ko Zariya ba ne. A benci ɗaya za ka ga ɗan Zangon Agege wanda ya sauke Alƙur'ani, kusa da shi Bayarabe Musulmi wanda mahaifiyarsa Kirista ce, can gefe kuma yarinya 'yar ƙabilar Ibo da ba ta fashin zuwa coci. Dukansu suna kallon muhawarar addini a YouTube da TikTok, kuma tambayoyin da ake jefawa a can sun riga sun shiga kansu: in Allah ne ya halicci komai, shi wa ya halicce shi? In an riga an ƙaddara komai, me ya sa za a hukunta mutum? Malamin da ya ce "kul, kada ka sake faɗar haka" ya rufe bakin yaro ne kawai, tambayar tana nan, kuma wani zai amsa masa ita a intanet. Aikin falsafar addini shi ne koya wa yaro yadda ake auna hujja. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: ka san iyakarka, ka nemi izini

Babu darasi mai suna falsafar addini a jarrabawar WAEC ko NECO. Abin da ke akwai shi ne darasin addinin Musulunci da darasin addinin Kirista, kowanne da nasa malamin. Saboda haka wuri biyu kake da shi: cikin darasinka, tare da yaran da suke addini ɗaya, ko kuma ƙungiyar muhawara bayan an tashi, inda za a iya cakuɗuwa.

In za a cakuɗa, ka tuna sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ka fara da shugaban makaranta, sannan ka aika wa iyaye takarda. Iyayen da ke Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba ka rubuta musu da Hausa, in da hali ma ka je da ƙafarka ka ce: "Alhaji, ba za mu taɓa aƙidar yaro ba, za mu koya masa yadda zai riƙe hujja ne, ya kuma saurari ta wani." Wanda ya tuna yadda shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Legas ta ja har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata na da damar sakawa, ya san maganar addini a makarantun jihar nan ba a shiga ta da ka.

Mataki na biyu: ka fara da abin da ke gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe darasi da sunayen Girkawa, sai yaro ya ɗauka abin baƙo ne, iyaye kuma su ɗauka an zo ɓata musu 'ya'ya. Alhali duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta tauhidi ya riga ya shiga wannan fage. Shehu Sanusi, malamin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe littafinsa Ummul Barahin da hukuncin hankali, ya kasa shi uku: wajibi, mustahili, ja'izi. Wajibi shi ne abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa, ja'izi kuwa wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. An daɗe ana karanta wannan littafi a zaurukan ƙasar Hausa da Barno.

Ka ba darasin farko gaba ɗaya, minti 40 ɗin, ga wannan. Ka rubuta jimloli a allo, yara su kasa su. "Biyu da biyu huɗu ne." "Rabin lemo ya fi dukan lemon girma." "Gobe za a yi ruwa a Ikeja." Waɗannan za su wuce da sauri. Sai ka rubuta ta huɗu: "An jefa auduga cikin wuta, ba ta ƙone ba." Nan aji zai rabu. Mafi yawa za su ce mustahili ne. Ka bar su su yi gardama, sannan ka tambaye su: wanda ya ce auduga ba ta ƙone ba, ya saɓa wa kansa ne kamar wanda ya ce rabi ya fi duka, ko dai ya faɗi abin da ba mu saba gani ba ne? Da zarar yaro ɗaya ya gano bambancin, za ka gani a fuskarsa.

Wannan misali na wuta da auduga na Imam Gazali ne, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Ya ce abin da muke gani shi ne wuta ta taɓa auduga sannan ƙuna ya biyo, amma ganin abu ya biyo abu bai tabbatar da cewa dole ne ya biyo ba. Malaman tauhidi suna kiran wannan hukuncin al'ada, suna raba shi da na hankali da na shari'a. Shekaru sama da 600 bayan Gazali, David Hume na ƙasar Sikotlan ya sake tada wannan tambaya, ko da yake shi ya kai ta wani wuri dabam, domin ya yi shakkar labaran mu'ujiza. Ɗalibinka Musulmi zai tuna wutar Annabi Ibrahim a Suratul Anbiya, Kirista kuma zai tuna samari ukun da aka jefa a tanderu a babi na 3 na littafin Daniyel. Sai su ga tambaya ɗaya ce ta shafe su duka, kuma sun yi falsafa ba tare da an ambaci sunanta ba.

Mataki na uku: ka koya musu shimfiɗa hujja layi-layi

Yara sun iya musu, abin da ba su iya ba shi ne nuna ainihin wurin da suka saɓa. Ka ɗauki hujjar da malaman ilmul kalam, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, suka fi amfani da ita, wadda Al-Kindi ya yi bayaninta a Bagadaza a ƙarni na 9, Gazali ya ƙarfafa ta, ka rubuta ta layi uku. Duk abin da ya faru bayan babu shi, yana da wanda ya farar da shi. Duniya fararriya ce. Saboda haka duniya tana da wanda ya farar da ita.

Dokar ita ce: wanda bai yarda da layi na uku ba, dole ya nuna wanne ya ƙi, na ɗaya ko na biyu. Nan ne tsohuwar tambayar nan take samun amsa. In yaro ya ce, "Malam, to Allah fa, wa ya yi shi?" sai ka ce ya sake karanta layin farko. Layin bai ce komai yana da mai yinsa ba, ya ce abin da ya faru. Masu wannan hujja suna cewa Allah ba fararre ba ne, saboda haka tambayar ba ta hau kansa ba. Yaron da ya kwana biyu yana ɓoye wannan tambaya cikin tsoro zai numfasa.

Amma kada ka tsaya nan, domin in ka tsaya ka yi wa'azi ne kawai. Ka nuna musu cewa an ja da layi na biyu, kuma waɗanda suka ja ba marasa addini ba ne. Ibn Rushd, alƙalin birnin Kurɗuba a ƙasar Sifen ta yau, malamin fiƙihun Malikiyya da ya rasu a 1198, ya yi wa Gazali raddi a kan wannan batu. Thomas Aquinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, wanda ya kawo hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Allah, ya ce hankali shi kaɗai ba zai iya tabbatar da cewa duniya tana da farko ba, ta hanyar wahayi aka san haka. A ganina wannan ne darasi mafi amfani a duk zangon: mutum zai iya yarda da magana, ya kuma ce wata hujja da aka kawo mata ba ta da ƙarfi. Yaron da ya fahimci haka, imaninsa ba zai girgiza ba don wani a intanet ya rushe hujja ɗaya.

Mataki na huɗu: ba raddi sai an maimaita

Ka kafa wannan doka tun ranar farko, kada ka sassauta ta: ba wanda zai soki ra'ayin wani sai ya fara faɗar ra'ayin da bakinsa, har mai shi ya ce "haka nake nufi". In Musulmi ya ce Kirista suna bauta wa alloli uku, Kirista zai ce ba haka muke cewa ba, sai ya sake. In Kirista ya ce Musulmi ba su yarda da Yesu ba, sai a karanta masa Suratu Maryam, ya ga inda aka haɗu da inda aka rabu, domin an rabu ɗin da gaske, kuma ɓoye rabuwar ba adalci ba ne. Mudun da ka auna wa kanka, da shi za ka auna wa maƙwabci. A aji mai yara da yawa, ka kasa su biyu-biyu su yi wannan na minti biyar kafin a buɗe magana ga kowa. Zagi, ko izgili ga annabi ko littafi, yana rufe bakin mai shi har ƙarshen darasi.

Mataki na biyar: wahala da ƙaddara, a hankali

Ka ajiye wannan sai aji ya saba da juna. Tambayar ita ce: in Allah mai iko ne, mai jinƙai ne, me ya sa marasa laifi suke shan wahala? Legas tana da nata misalin. Ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta yi bindiga, ɗaruruwan mutane suka mutu, da yawansu mata da yara da suka faɗa magudanar ruwan Oke-Afa suna gudu. Ɗalibanka ba a haife su ba a lokacin, amma iyayensu sun gani. Kafin ka kawo shi, ka bincika ko akwai wanda abin ya taɓa gidansu, ko wanda ke cikin sabon rashi. In akwai, ka ɗage darasin.

Ka bar su su raba wahalar da mutane suka jawo da sakacinsu da wadda ba hannun kowa, kamar cuta. Sannan ka kawo amsoshin da aka bayar: cewa an ba mutum zaɓi, zaɓi kuma yana zuwa da yiwuwar ɓarna, cewa duniya gidan jarrabawa ce, kamar labarin Annabi Ayuba da ke cikin Alƙur'ani da Baibul, cewa akwai hikimar da ta ɓoyu ga ɗan Adam, kamar tafiyar Annabi Musa da bawan Allah a Suratul Kahfi. Kowace amsa ka tambaye su me ta warware, me ta bari. Yaran Yarabawa za su kawo maganar ori da ayanmo, wato rabon da ake cewa mutum ya zo da shi duniya. Ka karɓa da mutunci, a kwatanta shi da ƙaddara, a ga kama da bambanci. Ba dole ne a tashi da amsa ɗaya ba, kuma kada ka yi kamar an samu.

Mataki na shida: ka fita da su

Da izinin iyaye, ka kai su tsibirin Legas ranar Asabar. A tafiyar ƙafa za su ga masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, da babban masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, da babbar cocin Anglika a Marina, da Holy Cross ta Katolika. A tsaya daga waje a yi bayani, ba a tilasta wa kowa shiga. Ka gaya musu cewa makarantar sakandare ta farko a Nijeriya, CMS Grammar School, 'yan mishan ne suka buɗe ta a Legas a 1859, kuma an kafa ƙungiyar Ansar-Ud-Deen a 1923 don 'ya'yan Musulmi su yi boko ba tare da barin addininsu ba. Aikin gida kuwa, kowa ya tambayi wani dattijo a gidansu dalilin da ya sa ya yarda da Allah, ya rubuto amsar layi-layi kamar yadda aka koya.

Mataki na bakwai: yadda za ka ba da maki

Wata rana za su tambaye ka: "Malam, kai me ka yarda da shi?" Ka faɗa a taƙaice, ba ɓoyewa, ka ƙara da cewa ra'ayinka ba ya cikin maki. Sannan ka cika alkawarin. Ka ba su rubutu na shafi ɗaya, ka raba maki 20 gida huɗu: biyar don shimfiɗa hujja daidai, biyar don kawo suka mafi ƙarfi da aka yi mata, biyar don amsa sukar, biyar don ladabin harshe. Matsayin da yaro ya tsaya a kai ba shi da maki. 'Yan aji uku da ke fuskantar WAEC ka rage musu, darasi ɗaya a wata ya isa. Nauyin aikin ka ɗora shi a aji ɗaya da aji biyu, inda akwai sarari. Kowane rubutu ka mayar da shi da tambaya ɗaya da jan biro a ƙasa, wadda yaron zai amsa a mako mai zuwa.