Yadda ake mayar da littafin baƙar makoma na matasa zuwa fim

Labaran baƙar makoma, wato waɗanda ake ƙagawa a kan wata duniya ta nan gaba inda mulkin danniya ya yi wa jama'a katutu, suna da wata siffa da ke ba masu shirya fim wahala: yawancinsu daga bakin mutum ɗaya ake jin su. A The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, Katniss Everdeen, yarinyar da ta shiga wani wasan talabijin da ake tilasta wa yara su kashe juna a cikinsa, ita ce ke magana tun daga shafin farko har na ƙarshe, kuma tana faɗin abu ne a daidai lokacin da yake faruwa da ita. Mai karatu ya san tsoronta, ya san ƙaryar da take yi wa masu kallonta, ya san lissafin da ke ranta. Ita kuwa kyamara fuska kawai take gani. Cike wannan giɓi shi ne tushen aikin gaba ɗaya.

Kafin a rubuta layi ɗaya, sai an kammala maganar haƙƙin mallaka. Al'adar ita ce furodusa ya biya marubuci wani kaso don a keɓe masa littafin na wata 12 zuwa 18, sauran kuɗin kuma sai an tabbatar za a fara ɗauka. Idan littafin jeri ne, a sa dukan jerin cikin yarjejeniyar, har da waɗanda ba a rubuta ba tukuna. Furodusa Nina Jacobson da kamfanin Lionsgate sun ɗaure maganar The Hunger Games tun 2009, kafin littafi na uku ya fito.

Daga nan sai lissafi. Littafin farko shafi 374 ne, babi 27, an raba shi kashi uku na babi tara-tara, kalmominsa sun kusa 100,000. A rubutun fim kuwa, shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya a allo, kuma fim ɗin 2012 minti 142 ne. Ke nan abin da zai tsira bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na kalmomin ba. Ɗauki takarda ka ja layi uku ga kowane babi: abin da ya faru a zahiri, abin da ya sauya a labarin saboda shi, da abin da ba a sani ba sai don jarumar ta faɗa a zuciyarta. Babin da layinsa na biyu ya fito fanko, shi ne farkon wanda za a yar. Layi na uku kuwa dole a nemo wa kowane abu da ke cikinsa wata hanyar fita.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa muryar jarumar tana ba da labari daga bayan fage. A guje mata gwargwadon iko. Tana kashe fargaba, domin wanda ke ba da labari cikin natsuwa ai ya tsira ke nan. Gary Ross, daraktan fim na farko, wanda ya rubuta shi tare da Collins da Billy Ray, ya bi wata hanya daban: ya fitar da labarin daga kan Katniss ya kai shi wuraren da ba ta taɓa gani ba a littafin. Sai ga ɗakin sarrafa wasan, inda Seneca Crane da ma'aikatansa ke tura wuta da dabbobi cikin filin. Sai ga Shugaba Snow a lambun furanninsa yana bayyana dalilin da ya sa ake barin mutum ɗaya ya rayu. Sai ga masu sharhin talabijin, Caesar Flickerman da Claudius Templesmith, suna yi wa masu kallo bayanin dafin wata rina da aka sarrafa, bayanin da a littafi Katniss ce ke yin sa a ranta. Dabarar ta zauna daram saboda labarin kansa a kan wasan talabijin yake, don haka mai sharhi ba baƙo ba ne a cikinsa. Idan labarinka ba shi da irin wannan kafa, nemi mutumin da aikinsa ne ya yi bayani, kamar mai horarwa ko mai sanarwar gwamnati.

Duk da haka akwai inda dabarar ta gaza, kuma ya kamata a lura da shi sosai. A cikin kogo, lokacin da Katniss ke jinyar Peeta, yaron da suka shiga wasan tare daga gundumarsu, mai karatu ya san rabin soyayyar da take nunawa wasa ne don a aiko mata da abinci da magani. A littafi ita ce ke fahimtar saƙon Haymitch, mai horar da su, daga lokacin da kyauta ta sauko da lokacin da ta ƙi saukowa. Fim ɗin ya sa 'yan takardu a cikin kyaututtukan don saƙon ya fito fili, amma ruɗanin da ke ranta, na rashin sanin inda wasa ya tsaya da inda gaskiya ta fara, bai fito da ƙarfinsa na littafi ba. Duk fitowar da jarumi ke faɗin wani abu alhali zuciyarsa na kan wani, tana bukatar alama da ido zai kama: waiwaye zuwa inda kyamarar wasan take, ko sauyin fuska da zarar abokin magana ya rufe ido.

Rage mutane kuma sai da duba gaba. An cire Madge Undersee, 'yar magajin garin Gunduma ta 12, wadda ta ba Katniss ɗan tambarin tsuntsu da ya zama alamar tawaye. A fim, a kasuwar bayan fage Katniss ta samo shi. An samu ragin lokaci, amma an yanke wata jijiya: tambarin asalinsa na Maysilee Donner ne, 'yar'uwar mahaifiyar Madge, wadda ta mutu a wasa na 50 da Haymitch ya ci, kuma littafin 2025, Sunrise on the Reaping, a kan wannan wasan ya ginu. Haka nan a littafi an yanke wa Peeta ƙafa, a fim an bar masa ita. Kafin ka cire kowa, karanta jerin har ƙarshe, ka rubuta duk inda sunansa ya sake fitowa, sannan ka tambayi marubucin abin da yake shirin yi da shi.

Bayanin duniyar labarin kada ya wuce abin da mai kallo zai iya riƙewa a minti 15 na farko. A nan abu huɗu ne: gunduma 12 a ƙarƙashin babban birni ɗaya, yara 24 kowace shekara, masu shekara 12 zuwa 18, ɗaya ne ke komawa gida. Tsarin da ke sa talaka ya ƙara yawan sunansa a ƙuri'a don a ba shi hatsi da mai ya ci shafuka a littafi. A fim Gale, abokin Katniss, ya ce sunansa ya shiga sau 42, shi ke nan an gane.

Maganar jini ita ce mafi tsauri. Masu karatun matasa ne, don haka fim ɗin dole ya samu matakin PG-13 a Amurka, wanda ke ba matasa damar kallo, alhali labarin yara ne ke kashe yara. A buɗe wasan, inda a littafi yara 11 suka mutu a ranar farko, Ross ya yi amfani da kyamarar hannu mai girgiza, da yanka gajeru-gajeru, aka kuma danne ƙarar faɗan. Ko da hakan, sai da aka rage daƙiƙa bakwai kafin hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta ba shi matakin 12A, kwatankwacin PG-13 a can. Girgizar ta yi yawa har a wuraren da ba faɗa, masu kallo da dama suka koka da jiri, kuma Francis Lawrence da ya karɓi fim na biyu, wanda ya fito a 2013, ya daidaita kyamarar. Akwai haɗarin da ya fi wannan: idan aka ƙawata kisan har ya zama abin sha'awa, an mayar da mai kallo ɗaya daga cikin mutanen babban birnin da labarin ke tsinewa. Shi ya sa mutuwar Rue, ƙaramar yarinyar da ta haɗa kai da Katniss a wasan, aka ba ta lokaci, aka tsaya a kan fuska da furanni, ba a kan mashi ba.

Wajen zaɓen 'yan wasa, shekaru suna gudu fiye da jadawalin ɗauka. Katniss 'yar shekara 16 ce, Jennifer Lawrence tana da 20 lokacin da aka ɗauke ta. Ana yin haka ne saboda doka ta taƙaita sa'o'in aikin ƙananan yara, kuma fuskar baligi ba ta sauyawa sosai cikin shekara huɗu. Amma a bar ƙananan su zama ƙanana da gaske: Amandla Stenberg tana da 12 lokacin da ta fito a Rue. An fitar da fim ɗaya kowace shekara daga 2012 zuwa 2015. A bar sarari a jadawali don abin da ba a zata ba. Philip Seymour Hoffman, ɗaya daga cikin 'yan wasan fim ɗin, ya rasu a Fabrairun 2014 da sauran fitowarsa ba a ɗauka ba, sai aka mayar da jawabinsa na ƙarshe wasiƙa da Haymitch ya karanta. Raunin da Dylan O'Brien ya ji a wurin ɗauka a 2016 ya jinkirta fim na uku na The Maze Runner har 2018.

Sai jarabar raba littafin ƙarshe gida biyu, wadda ta yaɗu bayan Harry Potter ya yi haka a 2010 da 2011. Gwajin mai sauƙi ne: rabin farko yana da tambayar kansa da amsar kansa? Mockingjay, littafi na uku, shafi 390 ne kacal, kuma rabinsa na farko shiri ne da farfaganda a ƙarƙashin ƙasa. Fim na biyu, Catching Fire, ya tara kimanin dala miliyan 865 a duniya, kashin farko na Mockingjay ya sauko kimanin miliyan 755, na biyu ya tsaya a sama kaɗan da miliyan 650. Francis Lawrence da kansa ya ce a 2023 ya yi nadamar rabawar. Na jerin Divergent ya fi muni: an raba littafinsa na ƙarshe, Allegiant, kashin farko ya fito a 2016 bai kai dala miliyan 180 ba, na biyu ba a taɓa ɗaukarsa ba, labarin ya tsaya a tsakiyar hanya. Da aka zo kan wani littafin Collins, The Ballad of Songbirds and Snakes, mai shafi sama da 500, fim ɗaya aka yi masa a 2023, mai minti 157.