Darasi na Bakwai: Riƙe Ƙaramar Wuta a Murhun Tangaran

Sunan wannan murhu kamado. Asalinsa daga Japan ne, inda ake dafa shinkafa a irinsa na yumɓu. Kamfanin Big Green Egg, wanda Ed Fisher ya kafa a birnin Atlanta na Amurka a 1974, shi ya sa aka san shi sosai a wajen gashin nama. Siffarsa kamar ƙwai, jikinsa mai kauri, murfinsa mai nauyi. Wanda ya san tanderun gurasa ya riga ya san rabin halinsa: ba ya saurin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma ba ya saki da wuri.

Ana gasa babban nama mai jijiya, kamar ƙirjin sa ko kafaɗar rago, a zafin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyas, wato 225 zuwa 250 a ma'aunin Faranhait. Aikin kan ɗauki awa 8, wani lokaci har 12 ko fiye. Duk wannan lokaci ana so allurar ma'aunin zafi da ke jikin murfi ta tsaya kusan wuri ɗaya.

Iska ce ke juya wutar, yawan gawayi ba ya ƙara mata zafi. Murhun yana da ƙofar iska biyu. Ta ƙasa tana shigar da iska, ta kan murfi tana fitar da hayaƙi, tana kuma jawo sabuwar iska daga ƙasa. Iya iskar da ta shiga, iya gawayin da zai ci.

Kafin ku kunna

Ku kwashe tsohuwar toka kaf. A ƙarƙashin gawayi akwai faranti mai huji-huji, ku tsokane kowane huji da tsinke. Yawancin wutar da ke mutuwa da tsakar dare toka ce ta toshe waɗannan huji.

Ku nemi busasshen gawayi na itace mai ƙarfi, irin na ƙirya da maƙera ke so. Ku jera manyan guntaye a ƙasa, matsakaita a kansu, ƙanana a can sama. Garin gawayi kada ya shiga, yana toshe hanyar iska. Ku cika mazubin gawayin har bakinsa. Kada ku ji tsoron ɓarna: abin da ya rage zai mutu idan an rufe ƙofofi, gobe a sake amfani da shi.

Ban da kananzir, ban da fetur. Tangaran yana shan wari, naman kuma zai ɗauka.

Kunnawa da kama zafin

Ku kunna wuri ɗaya tak, a tsakiyar gawayin daga sama, garwashi kamar girman dunƙulen hannu. Wutar za ta riƙa cin maƙwabtanta a hankali. Idan kuka kunna wuri uku ko huɗu, kun haifi wutar da ta fi ƙarfin abin da kuke nema.

Ku bar murfi a buɗe kamar minti 10. Sannan ku ɗora farantin tangaran da ke kare nama daga harshen wuta, ku sa kwanon tarar kitse a kansa, ku ɗora ragar gashi, ku rufe. Ƙofofin biyu su kasance a buɗe tukuna.

Nan ne mutane suka fi kuskure. Sai su jira allura ta kai 110 kafin su taɓa ƙofa, alhali a lokacin wuta ta riga ta yi gudu. Ku fara ragewa tun allura na wajen 80. Ku mayar da ƙofar ƙasa faɗin yatsa ɗaya, ta sama rabi. Da ta kai 95, ku ƙara tsuke ta ƙasa ta zama kamar kaurin fensir, ta sama kuma 'yar tsaga kawai. Kowane murhu da nasa hali, saboda haka ku sa alama a wurin da naku ya tsaya.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne kaurin bangon. Ɗaga zafi da digiri 20 aikin 'yan mintoci ne. Sauko da shi bayan bango ya ƙoshi da zafi kan ci kusan awa guda.

Idan allura ta tsaya, ku ba murhun minti 30 zuwa 45 babu nama a ciki, bango ya ɗumama. Ku dubi hayaƙin. Fari mai kauri yana sa nama ɗaci. Ku jira ya zama siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi.

Bayan an sa nama

Allura za ta faɗi, domin nama da sanyinsa ya shiga. Kada ku taɓa komai, za ta dawo da kanta. Idan gyara ya zama dole, ku motsa ƙofa ɗaya kaɗan, ku jira minti 15 kafin ku sake duba. Mai yawan gyare-gyare shi ke sa zafi hawa da sauka. Bambancin digiri 5 ko 10 ba ya ɓata nama.

Leƙe ma yana da illa. Duk buɗe murfi iska ce ta shiga, bayan an rufe sai a ga zafi ya haura. In za ku buɗe, ku ɗaga murfin kaɗan sau biyu ko uku kafin ku buɗe duka, don wutar da ta daɗe a takure kan yi tsalle ta ƙona hannu da gira.

Idan zafi ya wuce gona da iri, ku tsuke ƙofofin sosai amma kada ku rufe ruf, sai wutar ta mutu. Kada ku zuba ruwa, tangaran mai zafi fashewa yake yi. Idan kuma zafi na ta sauka ga ƙofa a buɗe, ku zura lanƙwasasshiyar waya ta ƙofar ƙasa ku kaɗe tokar da ke cikin huji. Murhun da ya ƙi sauka ko da an tsuke ƙofofi, ku duba ƙyallen da ke zagaye bakin murfi; idan ya ƙone, iska na sata ta wurin, sai an canza shi. Ranar iska mai ƙarfi, a juya ƙofar ƙasa ta ba iskar baya.

Ma'aunin da ke jikin murfi ma yakan yi ƙarya. Ku cire shi ku tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa. A bakin teku ya nuna 100, a Kano wajen 98, a tudun Jos wajen 96.

Akwai lokacin da zafin cikin naman zai tsaya cak a tsakanin digiri 65 da 75, har tsawon awanni. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kamar yadda gumi ke sanyaya mutum. Kada ku ƙara wuta. Ku jira, ko ku naɗe shi a takardar gwangwani. Ƙirjin sa yana laushi idan cikinsa ya kai wajen 93 zuwa 95.

A waje ake wannan aiki, ba a ɗaki ko zaure rufaffe ba, domin gawayi na fitar da iskar guba marar wari mai kisa. Da kun sauke nama ku rufe ƙofofin biyu ruf, ku bar murhun ya huce da kansa har safiya kafin ku kwashe toka.