Yadda ake gano aibin abincin sayarwa a Makka

Hajiya mai tuwo a Misfala ko Shara Mansur, alhazai ba sa kushe abinci a gaban mai shi. Ki tambayi mutum, zai ce "Madalla, Allah ya yi albarka," ya wuce. In bai dawo ba, sai ki ce ai jirginsu ne ya tashi. Ta haka ake shekara da aibi ba a sani ba.

Da farko, ki rage dogara da bakin masu dawowa. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin lissafi a Amurka, Abraham Wald, ya yi nazarin hudar harsashi a jikin jiragen da suka dawo daga fagen daga. Ya nuna cewa wuraren da ba a ganin huda sosai su ne abin tsoro, domin jiragen da aka harba a nan ba su dawo ba balle a ƙirga su. Wanda bai ji daɗin miyarki ba, shi ne jirgin da bai dawo ba.

Sai ki koma kan kwanuka. Ki tsaya wurin wanke-wanke kwana bakwai, ki rubuta abin da ake ragewa da lokacinsa. Rubutun ya zama dole, don zuciya yabo take riƙewa. Kuma kada ki auna a makon Arafa: lokacin ko me kika dafa zai ƙare.

Daga nan ki tambayi "me ya sa?" har sau biyar, dabarar da Taiichi Ohno ya koyar a kamfanin Toyota. A shagon yayata mun ga tuwo na ƙarewa da dare, miyar kuka na dawowa. Me ya sa? Ta fara tsami. Me ya sa? Tun asuba aka kaɗa ta, ga zafin Makka. Me ya sa tun asuba? Murhun gas ɗaya ne, da yamma tukunyar tuwo ke kansa. Kafin nan an yi ta yi wa yarinyar da ke girki faɗa, abin da har yau yake damuna, don ba ta da laifi ko kaɗan.

A ƙarshe ki gyara abu ɗaya tak, ki sake ƙirga na mako guda. In kika canza mai, farashi da murhu lokaci ɗaya, ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Mu murhu na biyu muka saya, aka koma kaɗa miyar dare bayan la'asar.