Yadda za ka bi da ƙaramin jirgi kusa da babban filin jirgin sama ba ka faɗa gaban manyan jirage ba

Da ɗalibin da ya fara tashi shi kaɗai nake magana, don haka ba zan tsaya kan duba mai da gaisawa da hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ba, wannan an wuce shi.

Tun kana ƙasa ka buɗe taswira, ka ja layi daga bakin kowane titin sauka ka miƙe da shi mil 10 ko fiye. Ta nan manyan jirage suke gangarowa, kuma lissafinsu ba wuya: kusan ƙafa 300 a kowane mil. Ke nan jirgin da ya rage masa mil 10 ya sauka yana wajen ƙafa 3,000 daga ƙasa, daidai tsayin da ɗalibai suka fi son yawo. In dole ne ka ratsa layin nan, ratsa shi a gicciye, da izini. Ka duba iyakar sararin da hasumiya ke iko da shi, inda ya fara daga ƙasa da inda ya ƙare a sama, ka rubuta a takardar da ke kan cinyarka. Ni ban yarda da haddacewa ba.

Sai taransfonda, wato na'urar da ke aika sigina daga jirginka don a san inda kake. Kunna ta, ka kai ta kan ALT don ta riƙa faɗin tsayinka. Na'urar TCAS da ke gargaɗin matuƙan manyan jirage da taransfondarka take magana. In taka a kashe take, a wurinta babu kai. Ranar 31 ga Agusta 1986, a Cerritos kusa da Los Anjelas, wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper ya shiga sararin da ba a ba shi izini ba, taransfondarsa ba ta nuna tsayi, ya yi karo da jirgin fasinja DC-9 na kamfanin Aeromexico. Mutum 82 suka rasu, 15 daga cikinsu a ƙasa, cikin unguwa. Bayan haka Amurka ta tilasta wa jiragen fasinja TCAS, ƙanana kuma taransfonda mai nuna tsayi a kewayen manyan filaye. Fitilar sauka ma ka kunna ta ko da rana tsaka.

Yanzu ga inda ɗalibai suke faɗuwa, wato ido. Da zarar rediyo ya cika da magana sai ka ga kan ɗalibi ya sunkuya kan agogunan gabansa, ko kan taswirar waya. In ya ɗago ma, sai ya share sama da kallo ɗaya daga hagu zuwa dama ya ce ya duba. Ido yana tafiya ba ya tsinkayar ƙaramin abu. Raba gilashin gida-gida, kowane gida kamar digiri 10, ka tsayar da ido a kowanne aƙalla daƙiƙa ɗaya, sannan ka matsa. Kuma ka san abin da kake nema: jirgin da ke tafiya a gilashinka zai wuce, wanda ya tsaya cak wuri ɗaya kamar ƙuda ya maƙale, yana ƙara girma, shi ne kuke kan hanyar karo. Shi ya sa nake sa a goge gilashi kafin kowane tashi, kuma a riƙa leƙa bayan ƙarfen da ke gefensa.

Lokacin kaɗan ne. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta daƙiƙa 12.5 daga hango jirgi zuwa kauce masa. Babban jirgi a ƙasa da ƙafa 10,000 yana iya gudun kilomita 460 a awa, kai kana 185. In kuna fuskantar juna kuma sai da ya rage kilomita 2 ka hango shi, daƙiƙa 11 gare ka. Wanda ya taɓa tashi a Zariya ko Kano lokacin hazon hunturu ya san wannan ba labari ba ne.

In hasumiya ta sanar da kai wani jirgi, kada ka ce ka gan shi sai ka gan shi, kuma ka tabbata shi ne ba wani ba. In ya ɓace maka, faɗa nan take, ba abin kunya ba ne. A San Diyego, 25 ga Satumba 1978, matuƙan Boeing 727 na kamfanin PSA sun ce sun ga wani ƙaramin jirgi Cessna 172, daga baya ya ɓace musu ba su faɗa a fili ba, shi kuma ya sauya alkiblar da aka ba shi. Suka sauko masa ta baya, rayuka 144 suka salwanta.

Akwai ƙananan na'urorin ADS-B da ake haɗawa da waya su nuna jiragen kusa. Da dala ake sayensu, in kana da hali ka saya, amma jirgin da ba ya aika sigina ba za su nuna maka shi ba.

In kun yi gaba da gaba, kowa ya karya dama. Kada ka bi ta baya da ƙasan babban jirgi, guguwar fikafikansa tana iya kifar da kai. In kuka kusa gogar juna, sanar da hasumiya a rediyo, da ka sauka kuma ka rubuta rahoto da lokaci da tsayi da wurin da abin ya faru tun ba ka manta ba.