Dokoki Goma: doka ɗaya a mako ta isa

Iyaye, ku daina ɗora wa yara Dokoki Goma duka a zama ɗaya. Doka ɗaya a mako, cikin mako 10 an gama.

Ba sai kun je kasuwar Gombe neman allo mai hotuna ba. Bayan tsohuwar kalanda ya isa. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa 20:1-17, ku rubuta dokar makon da manyan haruffa, ku manna inda ake cin tuwon dare. Kafin a yi addu'ar abinci yaro ɗaya ya karanta, sauran su maimaita. Minti 3 kawai.

Kowace doka a ba ta yatsa. Huɗun farko tsakaninmu da Allah ne, shidan da suka rage tsakaninmu da mutane. 'Yan'uwanmu Katolika suna ƙirga uku da bakwai, don haka ku bi yadda ikilisiyarku take koyarwa, kada yaro ya rikice a Sande Sukul, wato ajin yara na ranar Lahadi a coci.

Abin yana zama ne domin yaro yana jin magana ɗaya sau 7, kuma a gida, yadda Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce: a zaune, a tafe, da kwanciya, da tashi.

Amma fa ba ya aiki in an mai da shi horo, a hana yaro abinci don ya manta. Mafi muni kuwa, ana makon "kada ka yi shaidar zur", mai bin bashi ya yi sallama, ka ce wa yaron, "Je ka ce ba na nan." Wannan makon ya lalace, sai ka nemi gafara a gabansa ku sake shi daga farko.