Yadda za ka ƙirga kuromosom da hannunka, daga maitosis har mayosis

Akwai tambayar da nake yi wa kowane sabon aji, kuma kusan kullum amsa ɗaya nake samu. Sel ɗin jikin mutum yana da kuromosom 46, wato zarurrukan da DNA, kundin umarnin gado, yake naɗe a cikinsu. Ya kwafi DNA ɗinsa kaf, yana shirin rabewa biyu. To yanzu kuromosom nawa ne a cikinsa? Sai hannuwa su tashi: "92, Malam." Amsar 46 ce. Wanda ya gane dalili ya sauke rabin kayan wannan darasi. Wanda bai gane ba kuwa zai haddace matakan rabewar sel, wato furofes, metafes, anafes da telofes, tsaf, ya shiga jarrabawa, lissafi ya kwance masa tun a tambayar farko.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita baki kan kalmomi. "Ƙwayar halitta" ana kiran abubuwa biyu da ita, shi ya sa zan ce sel ga ɗan ɗakin nan mai rai da jiki ya ginu da shi, in ce ƙwayar gado ga guntun DNA da ke ɗauke da umarnin wata siffa.

Ƙa'idar ƙirga guda ce. Kuromosom da ƙullinsa ake ƙirga shi, wato santiromiya, ba da yawan hannuwansa ba. Idan aka kwafi kuromosom, zare biyu ne suke fitowa, ana kiran kowanne kuromatid, amma muddin suna manne a ƙullin nan, kuromosom ɗaya ne. Saboda haka bayan kwafi sel ɗin mutum yana da kuromosom 46, kuromatid 92. Kada ka ji kunyar rikicewa. Tun daga 1923 masana suka riƙe cewa mutum kuromosom 48 gare shi, bisa ƙirgar Theophilus Painter, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka sake ƙirgawa a birnin Lund na Suwidin suka samu 46. Shekara talatin da 'yan kai littattafai suna ɗauke da kuskure.

Ni na daina fara wannan darasi da zane a allo, don zane ba ya motsi, abin kuwa gaba ɗayansa motsi ne. Nemi waya mai laushi kala biyu, ja da shuɗiya, da almakashi, da kilif huɗu na riƙe takarda, da salatif da biro. Yanka guntaye takwas: dogaye ja biyu, dogaye shuɗi biyu, gajeru ja biyu, gajeru shuɗi biyu. Ɗauki ɗaya daga kowane iri ka ajiye a tsakiyar tebur, sauran huɗun ka ture su gefe. Ka samu sel mai kuromosom 4. Ja daga uwa suka zo, shuɗi daga uba.

Doguwa ja da doguwa shuɗiya ni takwarori nake ce musu. Takwaranka sunanku ɗaya, amma ba lallai halinku ya zo ɗaya ba. Haka su ma: ƙwayoyin gado iri ɗaya ne a jere a gurbi ɗaya a kansu, amma abin da ke rubuce a ciki yana iya bambanta. Kwafin da za ka yi nan gaba kuwa tagwaye ne, babu abin da ya raba su. Riƙe waɗannan kalmomi biyu da kyau, don duk bambancin maitosis da mayosis a kansu yake.

Fara da maitosis, rabewar da sel ɗaya yake zama biyu iri ɗaya, shi ne mai sauƙi. Jawo guntayen da ke gefe, ka haɗa kowace waya da irinta, ka maƙale su da kilif a tsakiya. Wannan shi ne kwafin DNA, kuma a matakin da ake kira intafes yake faruwa, tun kafin rabewa ta soma. Ƙirga kilif: 4. Jera su a tsakiyar tebur sahu ɗaya, kowa yana tsaye shi kaɗai, babu ruwan ja da shuɗi. Metafes ke nan. Yanzu cire kilif ɗin duka, ka ja tagwaye ɗaya dama ɗaya hagu. Da zarar sun rabu, kowace waya ta zama kuromosom mai cin gashin kansa, don haka a anafes akwai 8 a tebur. A sel ɗin mutum nan ne kaɗai amsar 92 take zama gaskiya, na ɗan lokaci kaɗan, kafin sel ya tsinke biyu kowane ɓangare ya tafi da 46. Duba tarin dama da na hagu: kowanne yana da doguwa ja, doguwa shuɗiya, gajera ja, gajera shuɗiya, daidai da abin da ka fara da shi. Da haka fata take sabuntawa, rauni yake warkewa, saiwa take tsawo.

Mayosis, rabewa biyu a jere da ke samar da ƙwai da maniyyi, shi ne ke buƙatar haƙuri, kuma a nan nake son ka rage gudu. Mayar da kilif kamar dā, kuromosom 4 kowanne da tagwayensa. A wannan karon takwarori suna neman juna. Kwantar da dogon ja a jikin dogon shuɗi, gajeren ja a jikin gajeren shuɗi. Suna manne ɗin nan sukan yi musayar guntaye. Yanke ƙarshen waya ja guda ɗaya da ƙarshen shuɗiya guda ɗaya, tsawo ɗaya, ka sauya musu wuri ka liƙe da salatif. Yanzu kana da zaren da wani sashensa na uwa ne, wani na uba, abin da babu shi a jikin ko ɗaya daga cikinsu.

Jera su a tsakiya, amma bibbiyu, takwara yana fuskantar takwara. Tsaya a nan ka lura da wani abu. Dogon ja yana iya kallon dama, gajeren ja ma ya kalli dama. Ko kuma gajeren ya juya ya kalli hagu. Babu mai tilasta masa, kuma yadda dogaye suka tsaya bai shafi gajeru ba. Da takwarori biyu kacal, haɗi iri 4 za ka iya samu. Mutum yana da 23, sai ka ninka 2 da kanta sau 23, ka samu 8,388,608, tun ba a sa musayar guntaye a lissafi ba. Ga dalilin da ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama kwafin juna.

Yanzu wurin da hannu yake yin ganganci. Ja su dama da hagu, amma kada ka taɓa kilif. Takwarori ne suke rabuwa, tagwaye suna nan manne. Na sha tsayawa a bayan ɗalibi ina kallon yatsunsa suna zuwa kan kilif da kansu, saboda sabon maitosis. Ƙirga kilif a kowane gefe: 2. Daga 4 an koma 2, kuma a rabewar farko aka yi wannan ragin, ba a ta biyu ba. Tambayar da ake yawan faɗuwa ke nan. Tsakanin rabewar farko da ta biyu ba a sake kwafin DNA. Sai kowane tari ya jeru sahu ɗaya, ka cire kilif, tagwaye su rabu kamar a maitosis. Ka ƙare da tari huɗu, kowanne waya biyu, doguwa da gajera. A lissafin mutum: an shiga da kuromosom 46 da kuromatid 92, bayan rabewar farko kowane sel yana da kuromosom 23 da kuromatid 46, bayan ta biyu 23 zare guda-guda. A namiji duk huɗun suna zama ƙwayoyin maniyyi, a mace ɗaya ne kawai yake zama ƙwai.

Gwada yin kuskure da gangan sau ɗaya. A rabewar farko, bar gajerun biyu su tafi gefe ɗaya. Za ka ƙare da wasu sel masu rara, wasu masu gibi. Idan haka ta faru da kuromosom na 21 a mutum, jariri yana iya zuwa da guda uku maimakon biyu, jimla 47, shi ne abin da ake kira lalurar Down.

Wayoyin nan za su yi maka aikin gado ma, ba sai ka haddace akwatin Punnett ba, wato jadawalin nan da ake zanawa don lissafin gado. Ɗauki sikila a matsayin misali. Liƙa salatif a kan dogayen ja biyu ka rubuta A, a kan shuɗi biyu a gurbi ɗaya ka rubuta S. Wannan mutum mai AS ne. Sake yin mayosis, ka duba tari huɗun: biyu A, biyu S. Rabi da rabi. Idan uwa da uba duka AS ne, haɗuwa huɗu ce: A da A, A da S, S da A, S da S. Akwatin Punnett da ake zanawa wannan kawai yake nunawa, gefensa sakamakon mayosis, cikinsa haɗuwar ƙwai da maniyyi. Amma ka kula, ɗaya bisa huɗu ba rabon gado ba ne da za a ce in an haifi huɗu dole ɗaya ya zama SS. Kowane ciki sabon jefa ƙuri'a ne. Ana iya haifar huɗu babu SS ko ɗaya, ana iya samun biyu a jere. Lissafin sai a adadi mai yawa yake daidaita, shi ya sa Gregor Mendel ya ƙirga dubbai a lambunsa na Brno: ƙwayar wake mai santsi 5,474, mai yamutsewa 1,850, kusan 3 da 1. Ya wallafa aikinsa a 1866 bai san komai game da rawar da kuromosom ke takawa ba. Sai a 1902 Walter Sutton, yana duban sel ɗin fara, ya lura cewa yadda takwarori ke rabuwa ya yi daidai da ƙa'idar Mendel.

Me ya raba A da S? Harafi ɗaya. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom na 11, tana ɗauke da umarnin wani sashe na himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Sel yana kwafar umarnin daga DNA zuwa mRNA, wato saƙon da ke ɗauke da kwafin, raibosom, injin sel mai haɗa furotin, ya karanta shi harafi uku-uku, kowane uku yana kiran amino asid guda, tubalin da ake gina furotin da shi. A gurbi na shida, a rubutun DNA, A yana da GAG, wanda ke kiran gulutamik asid. S yana da GTG, wanda ke kiran balin. Wannan ɗan canjin ne yake sa himoglobin ya harhaɗu ya yi sanda idan oksijin ya yi ƙaranci, jan sel ya lanƙwashe kamar lauje. Abin da ni yake burge ni shi ne sel ɗin fatarka da na ƙwaƙwalwarka duk suna da wannan ƙwayar gadon, tunda maitosis kowa ya ba shi kwafi cikakke, amma a rufe take a wurinsu. Sel ɗin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini ne suke buɗe ta su karanta. Mallakar ƙwayar gado daban, aiki da ita daban. Mai AS kuma yana yin himoglobin iri biyu ne a tare, A bai kashe S ba.

Idan kana da damar shiga ɗakin gwaji, je ka ga na gaskiya. Ɗora albasa a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa, bayan 'yan kwanaki saiwoyi za su fito. Yanke ƙarshen saiwa, milimita 2 zuwa 3 kawai, don can ne sel suke rabewa. In ka yanko sama, dogayen sel za ka gani da suka riga suka daina. Sa shi a ruwan haidurokulorik asid mai sauƙi da aka ɗumama zuwa digiri 60 na kusan minti biyar don ya yi laushi, malami yana wurin, idonka da tabarau. Ɗauraye da ruwa, ɗora a gilashi, ɗiga rinin asito-osin ko tolwidin shuɗi, rufe da siririn gilashi, sa takarda a kai ka danna da babban yatsa. Danna kai tsaye ƙasa. Karon farko da na yi, murzawa na yi kamar mai goge tabo, sel suka nannaɗe a kan juna, na kwashe rabin awa ina leƙen taɓo ja.

Fara da ƙaramin ido na maikuroskof, nemi inda sel suke ƙanana masu kusurwa huɗu a jere kamar bulo, sannan ka ƙara girma. Yawancinsu za ka gansu da dunƙulen nukiliyos, ma'ajiyar kuromosom, kawai, kamar ba sa komai. Intafes ne, kuma nan sel yake cinye mafi yawan lokacinsa. Can tsakaninsu za ka hango ɗaya mai baƙin layi a tsakiya, metafes. Wani kuma da tari biyu kamar yatsun hannu biyu ana janye su, anafes. Ƙirga duk sel ɗin da ke fili ɗaya, ƙirga waɗanda zarensu ya fito, raba na biyu da na farko, ka samu kason masu rabewa. Albasa kuromosom 16 gare ta. Kafin ka ɗaga ido daga kan sel mai anafes ɗin nan, rubuta a gefen takardarka nawa ne a cikinsa a wannan lokacin, da nawa kowane gefe zai tafi da su. In ka rubuta 32 da 16, wanke gilashinka.